Tambaya: me ya sa masu yawon buɗe ido ke mayar da manhajar AR aljihu bayan 'yan mintoci?

Ɗalibin Ƙira ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan fage. Mu uku ne muke haɗa wata manhajar waya domin masu yawon buɗe ido, irin wadda ke ɗora hoto da rubutu a kan abin da kyamara take gani, wato fasahar da aka fi sani da AR. Wurin da muka yi ta dominsa wani tsohon kango ne na tarihi da ke fili, babu rumfa kuma babu inuwa sosai. Abin da muke so shi ne baƙo ya ɗaga wayarsa ya auna ragowar bango, sai ya ga ginin a tsaye kamar yadda yake a da, ya ga sunansa da taƙaitaccen tarihinsa, sannan wata kibiya ta nuna masa inda zai nufa gaba.

A ɗakin aikinmu komai yana tafiya daidai. Ranar da muka kai ta wurin muka miƙa wa baƙi, a nan ne jikinmu ya yi sanyi. Rubutun yana yawo a fuskar waya, wani lokaci sunan wannan gini ya sauka a kan na kusa da shi. Wayoyin sun ɗauki zafi, caji yana zuba. Wata dattijuwa ta ce ba ta ganin rubutun cikin rana, wani kuma ya ce hannunsa ya gaji da ɗagawa. Abin da ya fi damuna shi ne kusan kowa ya ce abin ya burge shi, ya yaba mana, sannan ya mayar da wayar aljihu ya ci gaba da zagayensa, bai sake fito da ita ba sai domin ɗaukar hoto.

Tambayata ita ce, shin fasahar ce ba ta nuna ba tukuna, ko mu ne muka yi kuskure a ƙira? Ya dace a ce manhajar gaba ɗayanta a cikin kyamara take, kamar yadda muka yi? Kuma ta wace hanya ake auna sauƙin amfanin irin wannan manhaja, tunda yabon baki ya yaudare mu sau ɗaya? Na gode.

Injiniyan Taswira ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da yawon rubutu, domin daga nan sauran matsalolin suke tsiro. Tun 1997 wani mai bincike, Ronald Azuma, ya kafa wa wannan fasaha sharuɗɗa uku: ta haɗa abin zahiri da na kwamfuta, ta amsa nan take, kuma abin da aka ɗora ya zauna daram a muhallinsa ta kowace fuska aka dube shi. Sharaɗi na ukun ne ke kayar da yawancin manhajoji, kuma ina kyautata zaton naku ya faɗi ne saboda kun dogara da GPS da kamfas (na'urar nuna alƙibla) kawai.

Ka yi lissafin da kanka. GPS na wayar hannu, idan sama a buɗe take, yakan yi kuskuren kimanin mita 5, kuma abin ya fi haka muni a tsakanin dogayen gine-gine, inda sigina ke bugun bango kafin ta iso. Idan baƙo yana tsaye mita 10 daga ginshiƙi, kuskuren mita 5 zuwa gefe zai iya karkatar da alamar da fiye da digiri 25, wato ta bar ginshiƙin gaba ɗaya. Kamfas kuma maganaɗisun ƙasa yake bi, don haka ƙarfen shinge, da motar da ke fake, har da murfin waya mai maganaɗisu, duk suna ruɗa shi. Kuskuren digiri 10 a kan ginin da ke nesa da mita 100 yana gusar da suna da kusan mita 18. Manhajojin farko irin su Wikitude ta 2008 da Layar ta 2009 haka suka yi fama: mutum ya ɗaga waya ya ga sunaye rututu suna shawagi, wasu a kan wasu, bai san wanne ne na wanne ba.

Maganin da aka samo shi ne a sa kyamarar kanta ta gane wurin. ARKit na Apple, wanda ya fito a 2017, da ARCore na Google da ya biyo baya a 2018, wato kayan aikin da masu ƙera manhajar AR ke gina ta a kansu, suna bin ƙananan alamomi a cikin hoto, kamar kusurwar dutse ko tsagar bango, su haɗa da na'urorin da ke auna juyi da motsin waya, ta haka suke sanin yadda hannu ya gusa. Wannan yana hana hoto rawa, amma shi kaɗai ba ya gaya wa waya a wane wuri take a duniya. Domin haka ne Live View na Google Maps, da ya fito a 2019, yake cewa mutum ya auna gine-ginen da ke kewaye da shi, sai ya gwada su da hotunan tituna na Google, wato Street View, ya gano inda yake tsaye da inda ya fuskanta. A 2022 aka buɗe wa masu ƙera manhaja wannan hanya, sai dai tana aiki ne sosai inda aka riga aka ɗauki hotunan tituna, kuma kango a bayan gari ba lallai ya shiga ciki ba. A irin wurinku, ko dai ku ɗauki taswirar wurin da kanku, ko ku kafa alamu a ƙasa inda mutum zai tsaya ya auna wani allo da manhajar ta sani. Hanya ta biyun ba ta da armashi a ido, amma ita ce ba ta ba da kunya.

Ku sani kuma kyamara tana da abokan gaba: farin bango sumul, gilashi, ruwa, duhu, da cunkoson jama'a masu motsi. Inuwa ma tana sauya kamannin dutse tsakanin safiya da la'asar, saboda haka taswirar da aka ɗauka da hantsi tana iya ƙin gane wurin da yamma.

Batun zafi ba wani abin mamaki ba ne. Kun kunna kyamara, da GPS, da zanen hoto mai fuska uku, da intanet, kuma hasken fuskar waya ya kai ƙarshe saboda rana, duk a lokaci guda. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi iPhone ne domin yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba, kuma idan ta yi zafi takan rage hasken fuskarta ta rage gudu. Ka ga ke nan a daidai lokacin da dattijuwar take neman ƙarin haske, wayar tana janye shi. Shi kuwa baƙo, cajin nan shi ne taswirarsa, da tikitinsa, da hanyar kiran masaukinsa, ba zai ƙarar da shi a kanku ba.

Amsar tambayarka ta biyu a wajena ita ce a'a. Ku dubi abin da Live View yake yi: da zarar mutum ya fara tafiya da waya a ɗage, sai ta gargaɗe shi ya sauke ta, idan ya sauke kuma sai taswira ta dawo. Kamfanin da ya fi kowa hotunan tituna ma bai yarda mutum ya yi ta tafiya yana kallon duniya ta kyamara ba. Haka aka gani a wasan waya na Pokémon Go a 2016, inda 'yan wasa da yawa suka kashe kyamarar bayan ɗoki ya wuce, domin wasan ya fi sauƙi kuma caji ya fi daɗewa. Ku mayar da taswira ta zama gida, kyamara kuma ta zama taga da ake leƙawa na daƙiƙa ashirin ko talatin a rufe.

Mai Jagorar Baƙi ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba injiniya ba ce, aikina shi ne zagayawa da baƙi, kuma na daɗe ina kallon yadda suke yi da irin waɗannan manhajoji, don haka zan faɗi abin da idona ya gani.

Masu ƙira sukan zana mutum ɗaya a ransu, mai hutu, mai hannu biyu a sake, mai sabuwar waya. Baƙon da nake gani kullum yana riƙe da jaka ko gorar ruwa ko hannun yaro, ya gaji, yana da awa biyu kafin motarsu ta tashi, kuma da wuya ya zo shi kaɗai. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi mantawa da shi. Idan iyali biyar suka tsaya, mutum ɗaya ne ke ganin fuskar wayar da kyau, sauran suna leƙe ta kafaɗarsa, kuma ba a jimawa sai wanda ke riƙe da ita ya ji kamar ya ware kansa daga tafiyar. Da za ku sa manhajar ta iya tsayar da hoton cak, mutum ya sauke hannu ya miƙa wa na kusa da shi su duba tare a inuwa, da kun kashe tsuntsu biyu, gajiyar hannu da wariyar.

Sai maganar bakin ƙofa. Na sha ganin baƙo ya tsaya a rana yana jiran manhaja mai nauyi ta sauka da sabis mai rauni, yana tsoron kuɗin data na ƙasar waje, bayan ta sauka kuma ta ce ya yi rajista, ya ba da imel, ya yarda da izini huɗu a jere ba tare da an gaya masa dalili ba. Da yawa a nan suke haƙura. Wannan mutum sau ɗaya zai yi amfani da manhajarku a rayuwarsa, ba zai koyi komai dominku ba. Ku bar rajista, ku nemi izinin kyamara a lokacin da zai buɗe ta tare da jimla ɗaya ta bayani, ku sanar da shi tun lokacin sayen tikiti cewa ya sauke manhajar a wayarsa tun yana masauki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma komai ya yi aiki ko babu intanet.

Abin da na fi so ku ɗauka daga gare ni shi ne murya. Da tsohuwar zuma ake magani: na'urar bayani ta kunne ta shekara da shekaru a gidajen tarihi, kuma har yau ba a daina karɓarta ba, saboda tana barin ido a kan abin da aka zo gani. Mutum ya yi doguwar tafiya domin ya tsaya gaban dutsen nan da kansa. Idan kuka ba shi sakin layi uku ya karanta a fuskar waya, kun mayar da shi abin da zai iya yi a ɗakinsa, garin gyaran gira an rasa ido. Ni idan ina bayani nakan ce, ku dubi saman ƙofar ta hagu, kun ga wancan rami? A nan katakon rufi yake shiga. Sai kowa ya ɗaga kai. Manhaja ma tana iya yin haka: ta nuna rufin na ɗan lokaci, ta yi shiru da hoto, murya ta ci gaba tana jan idon mutum a kan ginin gaske. Sai dai a haɗa da rubutaccen bayanin ga kurame da wanda bai zo da abin sawa a kunne ba.

Kada kuma ku manta da ƙafa. Kango yana da matakala marasa daidaito, da ramuka, da gefen da ba shinge. Wanda ke kallon fuskar waya yana ganin ɗan yanki ne kawai na gabansa, ba ya ganin inda zai taka, kuma na fi jin tsoron mai ja da baya domin ginin ya shiga cikin hoto. Wuraren tsayawar da Injiniya ya ambata, ku zaɓe su tare da ma'aikatan wurin, a inda ƙasa take a shimfiɗe, ba a bakin hanyar wucewa ba, kuma inda za a sami inuwa idan akwai.

A duk abin da na gani na wannan fasaha, wanda baƙi suka fi amfani da shi da gaske shi ne fassara da kyamara, a auna allon sanarwa a ga rubutun ya koma harshen da ake ji. Ba wanda ya koya musu, kuma ba ya ɗaukar daƙiƙa goma. Tambaya ɗaya yake amsawa a lokacin da ta taso.

Malamin Tarihi ya amsa:

Na amfana da bayanan da suka gabata, amma akwai wani ɓangare da ba a taɓa ba, kuma a ganina yana cikin ƙira kamar yadda girman maɓalli yake ciki. Malam ya ce baƙo zai ga ginin a tsaye kamar yadda yake a da. Ina tambaya: a wane zamani, kuma wa ya shaida?

Ga misali daga Olimpiya ta ƙasar Girka, wurin da aka daɗe ana gwada wannan fasaha, tun aikin Archeoguide na farkon shekarun 2000 har zuwa wanda Microsoft ya yi da ma'aikatar al'adun ƙasar a 2021. A haikalin Zeus a da akwai mutum-mutumin da Phidias ya ƙera da zinariya da hauren giwa, ɗaya daga cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya. Babu abin da ya rage daga jikinsa. Abin da aka sani game da siffarsa ya fito ne daga bayanin marubuta irin su Pausanias na ƙarni na 2, da ƙananan hotuna a jikin tsofaffin sulalla. Duk wanda ya zana shi a yau dole ya cike giɓi da hasashe. Matsalar ita ce gani ya kori ji: idan aka ɗora hasashen a kan dutsen gaske, da haske da inuwa masu kyau, baƙo zai tafi gida da yaƙinin cewa haka abin yake, alhali littafi da zai ce masa "ana jin" ko "mai yiwuwa".

Masana sun san da wannan haɗari, shi ya sa aka tsara Yarjejeniyar Landan kan zana kayan tarihi da kwamfuta, wadda aka fara a 2006, kuma jigonta shi ne a bayyana wa mai kallo abin da ke da shaida da abin da aka ƙaddara. A fuskar waya ana iya yin haka ba tare da dogon rubutu ba. Abin da ke tsaye a bar shi yadda yake. Abin da shaida ta tabbatar a zana shi cikakke. Abin da hasashe ne a zana shi da layi kawai ko a sa shi shara-shara. Sannan a ba mutum abin ja da yatsa tsakanin zamani da zamani, domin gini ba ya da "da" guda ɗaya. Kolosiyam na birnin Rum an buɗe shi a shekara ta 80 Miladiyya, daga baya ya zama sansanin wasu manyan iyalai, girgizar ƙasa ta 1349 ta rushe gefensa na kudu, aka yi ta kwasar duwatsunsa ana wasu gine-gine. Wanda ya nuna shekarar buɗewa kaɗai ya ɓoye fiye da shekara dubu.

Wannan ne dalilin da ya sa har yau nake ganin darajar Streetmuseum da Gidan Tarihin Landan ya fitar a 2010. Tsofaffin hotuna na gaske ta ɗora a kan titunan yau, kuma ko da hoton bai zauna daidai ba, shaida ce, ba zanen wani ba.

Ƙari ɗaya a taƙaice: ba kowane wuri ne ke karɓar wasa ba. A 2016 Gidan Tunawa da Kisan Kiyashin Yahudawa da ke Washinton ya roƙi mutane su daina Pokémon Go a cikinsa. Idan kangonku yana da maƙabarta ko wurin ibada, manhajar ta san iyakarsa, ta kashe kyamara da maki da duk wani ƙyale-ƙyale idan an shiga.

Ɗalibin Ƙira ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, na karanta kowace amsa sau biyu. Injiniya ya canka daidai, GPS da kamfas kawai muka yi amfani da su. Amma ina da ja a kan abu ɗaya, kuma ina fatan ba za a ɗauke shi a matsayin gardama ba. Idan taswira ta zama gida, murya ta ɗauki bayani, kyamara ta koma daƙiƙa talatin a wurare ƙalilan, me ya rage da za a kira AR? Waɗanda suka ɗauki nauyin aikin abin da ya ja hankalinsu shi ne ginin da ke tashi a fuskar waya, kuma ma'aunin da suka sa mana shi ne yawan mintocin da baƙo ya yi a cikin manhajar. Idan na bi shawararku mintocin za su ragu, sai a ce mun gaza. Kuma har yanzu ina jiran wanda zai taimaka mini da batun awo.

Mai Binciken Sauƙin Amfani ta amsa:

Malam, ma'aunin da aka ba ku shi ne ya kamata a fara gyarawa, domin an aro shi ne daga manhajojin sada zumunta, waɗanda ribarsu ke cikin riƙe ido. Mutumin da ya ɓata minti goma yana juya waya yana neman kibiya zai ba ku mintoci masu yawa, wanda ya gane hanya nan take kuma zai ba ku kaɗan. Ƙa'idar ISO 9241-11 ta bayyana sauƙin amfani da abubuwa uku: ko mutum ya cim ma abin da yake nema, da irin wahalar da ya sha kafin ya cim masa, da gamsuwarsa, duk a cikin yanayin da ake amfani da abin. Wannan yanayin shi ne kuka tsallake lokacin da kuka gwada a ɗaki mai sanyi da intanet mai ƙarfi.

Ga yadda zan yi da ni ce. Zan koma wurin da tsakar rana, in nemi baƙi na gaske, ba abokai ba, kuma su yi amfani da wayoyinsu, domin ba kowace wayar Android ce ke cikin jerin waɗanda ARCore ke aiki a kansu ba, kuma gara ku san abin da mai tsohuwar waya zai gani tun yanzu. Zan ba kowa aiki takamaimai, kamar ya kai kansa ƙofar gabas, ko ya gaya mini abin da ake yi a wannan ɗaki a da, sannan in yi shiru in bi shi a baya. Yin shirun shi ne mafi wuya, domin mai ƙira ba ya iya ganin mutum yana laluben maɓalli bai nuna masa ba. Zan rubuta wanda ya kai da wanda bai kai ba, da lokacin da ya ɗauka, da sau nawa manhajar ta rasa gane wuri, da cajin da ya tafi. A bakin fita kuma zan tambaye shi abin da ya tuna game da wurin. Idan abin da ya tuna shi ne manhajar, da sauran aiki.

Ba kwa buƙatar taro. Masanin sauƙin amfani Jakob Nielsen ya daɗe yana cewa mutum biyar sukan tono mafi yawan matsalolin ƙira a zagaye ɗaya, kuma gara a gwada da biyar, a gyara, a sake gwadawa da wasu biyar. Sai dai baƙi iri-iri ne, don haka a nemi biyar daga dattawa, biyar daga masu yara, biyar daga waɗanda ba sa jin harshen wurin. Idan masu ɗaukar nauyi suna son lamba, akwai ma'aunin SUS da John Brooke ya tsara a 1986, jimloli goma ne da ake ba wa maki, sakamakon yana tsakanin 0 da 100, kuma ana ɗaukar 68 a matsayin matsakaici. Yana rage tasirin kunya da kara irin wadda ta sa baƙinku suka yaba muku a fuska, musamman idan ba wanda ya ƙera manhajar ne ya miƙa takardar ba.

Game da dattijuwar da ba ta ganin rubutu, ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara domin masu buƙata ta musamman su iya amfani da shafukan intanet, tana neman bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, amma a AR bayan rubutun yana sauyawa da kowane motsi, yanzu farin sama, an jima baƙin dutse. Saboda haka kada rubutu ya zauna tsirara a kan hoton kyamara, a shimfiɗa masa faifai mai duhu a ƙarƙashi, kuma duk abin da ya wuce suna da layi ɗaya ya sauko ƙasan fuskar waya inda ba ya rawa. Faɗin maɓalli da tsayinsa kada su gaza ma'aunin fuskar waya 44 da Apple ya gindaya ko 48 na Google, a sa shi inda babban yatsa ke kaiwa, tunda ɗaya hannun yana da aiki. Kada launi kaɗai ya ɗauki ma'ana, domin kusan namiji ɗaya cikin goma sha biyu ba ya bambance wasu launuka. Sunaye kuma kada su wuce uku ko huɗu a lokaci guda, na kusa su danne na nesa.

Abu na ƙarshe, ku tsara abin da manhajar za ta yi idan ta rikice, domin za ta rikice. Alamar da ta sauka a kan ginin da ba nata ba ta fi rashin alama illa, saboda daga nan baƙo ba zai sake yarda da komai ba. Idan ba ta da tabbas ta ɓoye sunayen, ta ce a fili ba ta gane wurin ba, a auna allon da ke ƙasa ko a koma taswira.

Tambayarka ta me ya rage kuwa, ginin da ke tashi yana nan, kuma zai fi tasiri idan sau huɗu aka gan shi yana zaune daram a kan harsashinsa fiye da a gan shi sau arba'in yana lilo. Ka kai masu ɗaukar nauyin wurin da rana tsaka, ka ba su tsohuwar manhajar su riƙe minti goma a ɗage, sannan ka ba su sabuwar.

Injiniyan Taswira ya ƙara da cewa:

Na goyi bayan Malama, sai dai in ƙara gyara ɗaya a kan allunan da na ba da shawara, kada ku je ku buga su a banza. Lambar QR tana da kyau wajen buɗe manhaja, amma domin kyamara ta kafa hoto a kai an fi son zane mai yawan kusurwoyi da bambancin haske, wanda ba ya maimaita kansa, a kan abin da ba ya ƙyalli. Ku auna tsayin allon da inda ya fuskanta daidai, domin kuskuren digiri biyu a wurin kafawa zai gusar da rufin da ke nesa da mita 30 da kimanin mita guda. Kuma ku nemi izinin hukumar da ke kula da wurin kafin ku kafa ko da ƙusa ɗaya, wurare da yawa ba sa yarda a huda ƙasa, sai dai allo mai gindi da ake ɗaukewa. Idan haka ne, ku sa alamar fenti mai gogewa inda gindin yake zama, ku roƙi mai shara kada ya matsar da shi.